Jinyar Kwalli da Alkawarin Kaka

Wata safiyar Litinin ta tsakiyar damina, a shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, ina tsugune a ɗakin kakata a Kazage, riƙe da ganyen gwaiba, ina jiran wata macen ɓeran Masar ta yi kashi. An daɗe da buga ƙarfen makaranta. Ina jiyo muryoyin 'yan ajinmu daga nesa suna waƙar shiga aji, na kuma san bulalar latti tana jirana, amma ban motsa ba. Uwar Garke, haka muke kiranta, ta ci gaba da taunar ciyawarta tana kallona da gefen ido, ko a jikinta. Na roƙe ta da Hausa, na roƙe ta da yarenmu, har alkawarin ɓawon ayaba na yi mata. Sai da ta ga dama don kanta ta ɗan ɗaga baya ta sauke mini 'yan ƙwayoyi masu ɗumi a kan ganyen. Na kwasa da gudu na yi madafa, inda nawa ɓeran, Kwalli, yake kwance cikin fasasshiyar tukunya, rai a hannun Allah.

Mu baƙi ne a Kazage. Iyayena daga kudancin Zariya suka taso neman ƙasar noma tun ina goye, suka samu fili a bakin daji suka sare, suka kafa gida. Ana ba da labari a gidanmu cewa ranar tasowa Kaka, mahaifiyar Baba, ta yarda a bar turminta da randarta, amma ta ce ƙafarta ba za ta hau mota ba sai an ɗora mata kwandon ɓerayen Masar a cinya. Haka ta zo da su, kuma daga wannan kwandon suka yaɗu suka cika mana madafa. Ba keji ba komai, a ƙasa suke yawo tsakanin duwatsun murhu da tarin itace, in an yi sanyi su lafe a jikin toka mai ɗumi. Maƙwabtanmu, Hausawa da Gbagyi, ba su taɓa gama mamakinmu ba. Bafulatanar da ke kawo mana nono ba ta yarda ta matso ƙofar madafar, sai ta tsaya can tana tattare zani tana cewa, "Ku dai Allah ya shirye ku, kowa na korar ɓera, ku kuna yi masa hidima." Mu kuwa a wurinmu su ne akuyar talaka. Ana yanka su ranar Kirsimeti, ana yanka wa baƙon da ya isa, sannan a al'adar su Kaka romon farko da mai jego za ta sha na namijin ɓeran Masar ne, lafiyayye, wai shi ke mayar da jinin da ya zuba. Duk wannan na san shi tun ina ƙarama, kamar yadda ɗan mai kaji ya san makomar zakara.

Ciyar da su aikina ne. In an tashi makaranta na ci abin da na samu, sai in ɗauki lauje in bi hanyar fadama. A can nake haɗuwa da ƙawayena, masu ɗiban ruwa da masu tsintar itace, kowa ta jingine abin da aka aike ta, mu baje a ƙarƙashin wata babbar ɗorawa mu yi ta carafke, mu ci ɗinya har bakinmu ya yi baƙi ƙirin, sai rana ta yi sanyi kowa ta tuna da aikenta ta zabura. Dajin nan a lokacin gidanmu ne na biyu, ba abin da muke tsoro a cikinsa sai maciji da birai masu ɓarnar masara. In na dawo da ɗaurin harkiya a ka, tun ina ƙofar gida suke jin motsina, madafa ta kaure da kuka kamar an shekara ba a ba su komai ba. A cikinsu duka, Kwalli ne nawa. Fari ne tas, sai baƙin zobe da ya zagaye idonsa na hagu, kamar an rambaɗa masa kwalli an manta da ɗayan. Shi kaɗai ne ba ya gudu in na miƙa hannu. In ina tsince wake ya hau cinyata, in ina wanke-wanke ya zauna a kan ƙafata. Na taɓa sa shi a aljihu na kai shi coci, ana tsakiyar wa'azi ya saki kuka, Mama ta murɗe mini kunne tun daga nan har gida, kuma ban yi nadama ba.

Da damina ta kankama a waccan shekarar sai mura ta shiga garken, suna ta atishawa, idanu na ruwa. Ranar kasuwa Baba ya hau kekensa ya je Tsohon Birnin Gwari, ya sayo kafso mai ja da rawaya a wurin mai tallan magani. Wannan kafson ya taɓa ceto masa kaji, saboda haka a wurin Baba ba ciwon da ya fi ƙarfinsa, ko na mutum ko na dabba. Ya ɓare, ya zazzage garin a cikin dusa, ya dama ya ba su. Da kyakkyawar niyya ya yi, ban taɓa riƙe shi a kan wannan ba. Murar ta tafi kuwa, amma garin neman gira aka rasa ido, cikinsu ya ɓaci gaba ɗaya. Gudawa ta kama su, suka daina ci, kowane ya dunƙule a lungu gashi a tsaye, kullum da safe sai an kwashi gawa an kai juji. Uwar Garke kaɗai abin bai taɓa ba, domin tana da ciki, Kaka ta ware ta a ɗakinta, ba ta ci dusar ba. Na madafa kuwa suka ƙare ƙarƙaf, sai Kwalli kaɗai, shi ma ƙashi da fata, gudawar ta tsaya amma komai ma ya tsaya, ba ci ba kashi.

Baba ya ɗaga shi da yatsu biyu ya ce wannan ma ya gama, gara a kai shi juji ya huta. Na rungume ƙafar Baba ina ihu. Sai ga Kaka ta fito da sandarta ta ce ya ajiye shi. Ta karɓe shi ta juya shi, ta latsa cikinsa, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ɗaga kai ta dubi Mama da ke tankaɗe a bakin ɗaki, cikinta ya fara tsufa. Can ta juyo gare ni ta ce, "Talatu, za ki iya wahala?" Na ce zan iya. Ta ce, "To cikinsa ne ya mutu, shi da sauransa. In kin tashi cikin, kin tashe shi." Ni kuwa ba wawiya ba ce, na san inda ɓerayen gidanmu suke ƙarewa, don haka na share hawaye na tambaye ta a gaban kowa, "Kaka, in ya warke ba za a yanka shi ba?" Ta ɗora hannunta a kaina ta ce, "Naki ne. Wuƙa ba za ta hau shi ba." Kaka ba ta rantsuwa, kuma ba ta buƙata, domin a gidanmu maganarta ta fi rantsuwa nauyi. A ɗakinta nake kwana, ita ke yi mini kitso, ita ke ɓoye mini ƙanzo. Da ta ce mini gobe rana daga yamma za ta fito, da na juya tabarmata.

A ranar ta koya mini aikin. Ta ce cikin ɓeran Masar kamar ƙwaryar nono yake: in aka wanke ta tas, madara ba ta kama jikinta sai an ɗiga mata ɗan tsohon nono. Kafson Baba ya wanke cikin Kwalli, sai an ɗauko masa iri daga cikin lafiyayye, kuma ba inda ake samun wannan irin sai a sabon kashin Uwar Garke, tun yana da ɗumi. In ya huce ya bushe ya tashi daga aiki. Ta yanke gashin fiffiken agwagwa ta yi mini ɗan bututu, ta nuna mini yadda zan dama kashin da ruwan da aka tafasa ya huce, in ɗiga masa ta gefen baki kaɗan-kaɗan kada ya shaƙe. Tunda ba ya iya tauna, sai in dandaƙa harkiya da ɗan ganyen gwaiba a kan dutsen niƙa har ta yi laushi, ita ma in ɗura masa. Ciyawa mai raɓa haramun ce gare shi, sai an baza ta ta sha iska. Ba hatsi, ba kunu, ba tuwo, ko da tausayi zai kashe ni. Kada kuma in bar cikin ya wuni ba komai, domin cikin da ya zauna ba aiki mantawa yake yi da aikinsa. Bayan kowane ɗuri in naɗe shi a tsumma mai ɗumi, in shafa cikin da yatsa a hankali daga ƙirji zuwa baya.

Haka rayuwata ta koma. Da sassafe ina gadin Uwar Garke da ganye, in an tashi tara ina gudu zuwa gida in yi ɗuri in koma, da rana ina fadama, da yamma ina bakin murhu. Bulalar latti kam na sha ta har malaminmu ya gaji ya koma sa ni sharar fili. Wannan duk mai sauƙi ne. Yayana Bulus, wanda bakinsa ba ya riƙe ko ruwa, shi ya kai labarin makaranta, kafin a tashi an raɗa mini Likitar Kashi. In na shigo aji sai in tarar da kashin awaki an ƙunshe a ganye an ajiye a bencina, wani daga baya ya ce, "Likita, ga gudummawa." Na kama wani yaro mai suna Audu na yaga masa riga har wuya, aka haɗa mu aka zane. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙawayena na gindin ɗorawa. Da a kwano ɗaya muke cin dafaffiyar gyaɗa, yanzu sai su ɗebo su zuba mini a ganye, wai hannuna. Na sha kuka a hanyar fadama ni kaɗai, ina yankan ciyawa ina zagin su ɗaya bayan ɗaya da sunan uwa da uba. In na gama sai in tuna da hannun Kaka a kaina, in ce su yi ta yi, ni dai Kwalli zai tsufa a cinyata.

Da farko ba abin da ya sauya. Kowace safiya in ɗaga shi in duba ƙarƙashinsa, wayam. In kara kunnena a cikinsa, shiru kamar ɗakin da aka yi ƙaura. Sai wata safiya na ga wasu 'yan abubuwa ƙanana, a karkace, haɗe da majina. Wallahi ko sabon zanen Kirsimeti bai taɓa faranta mini rai haka ba. Na kwashe a ganye na kai wa Kaka a bakin ɗakinta. Ta sa tsinke ta fasa, ta kai hanci ta shinshina, ta ce in ci gaba. Daga ranar wannan ya zama al'adarmu ni da ita: kowace safiya in kawo mata ganye, ita kuma ta duba da tsinkenta kamar mai duba zinariya. Ana nan sai marka ta sauka, sama ta ƙi buɗewa, ciyawa ta ƙi shan iska. Cikin Kwalli ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana cizon haƙora don zafi. Kaka ta bar kaɗin da take yi ta zo ta zauna a ƙasa a madafa, ta ɗora shi a cinyarta, tana gasa tafinta a wuta tana shafa shi, tana 'yar waƙar coci da yarenmu, tun hantsi har la'asar, sai da iska ta fita cikin ya saki. Na ga gumi a goshinta. Na ce a raina duk duniya ba mai ƙaunata kamar tsohuwar nan. Daga nan na ɗaura igiya a saman murhu, a nan nake shanya masa ciyawa.

Sannu a hankali ƙugi ya dawo cikinsa, irin ɗan ƙugin nan na tukunya kafin ta tafasa. Wata rana ina miƙa masa bututu ya kauda kai, ya fizge zaren harkiya daga hannuna ya shiga ja da kansa. Bayan 'yan kwanaki na dawo daga fadama, ina ƙofar gida na ji kuka daga madafa, murya ɗaya tal a inda a da ake yi da yawa, na yar da lauje na shiga da gudu. Kashinsa ya koma dogaye, sumul-sumul, kai ɗaya. Ranar da Kaka ta fasa da tsinke ta ce, "Cikinsa ya dawo," na yi rawa a tsakar gida har zanena ya kwance. Ta karɓe shi ta auna shi a tafinta, ta lalubi haƙarƙarinsa da cinyoyinsa, ta ce yanzu in ƙara masa ɓawon dankali da ganyen wake ya yi jiki. Daga wannan makon sai gidan duka ya yi mini kirki. Baba in ya dawo gona sai ya leƙa madafa ya ce, "Yaya mutumin naki?" Bulus ya daina kirana Likita, har ganyen dankali yake yanko mini ba tare da na roƙe shi ba. Na ɗauka kunya ce ta kama su, tunda na tashi abin da suka ce ya mutu. Ina ta tafiya da ƙirji a gaba, Kwalli kuwa yana ta ƙiba, gashinsa na sheƙi.

Masara ta nuna, ruwa ya fara ja da baya. Uwar Garke ta haihu, 'ya'yanta ƙanana kamar 'yan tsaki. Ba a daɗe ba Mama ma ta sauka da hantsin wata Juma'a, ta haifi ƙanena Yohanna. Haihuwar ta zo da gardama. Jini ya zuba da yawa, rafi ya cika ya yanke hanyar asibiti, mata sai shiga da fita suke yi ba mai dariya. Da aka bar ni na leƙa, na ga leɓɓan Mama sun yi fari, ko kai ba ta iya ɗagawa. Na tsorata ƙwarai, na koma madafa na rungume Kwalli, don shi kaɗai ne a gidan bai sauya fuska ba. Washegari da safe Kaka ta kira ni ta ce, "An manta da Kwalli a cikin hidimar nan. Ki wuce ɗorawa, ki je can bakin rafi, harkiyar can ta fi laushi. Ki baza ta ta sha iska sosai kafin ki ɗaure." Allah Sarki, daɗi na ji. Na ce dubi Kaka, ko a irin wannan rana ba ta manta da shi ba. Na tafi na zaɓo mai laushin, zare-zare, na baza a kan dutse na zauna gadi, har gwaiba nunanna na tsinko masa.

Tun kafin in kai gida na ji ƙaurin babbaka. Ban kawo komai a raina ba, gidan haihuwa ne. Sai da na taka ƙofar gida na ji shiru. Na girgiza ɗaurin ciyawar don ya ji, shiru. Na shiga madafa. An wanke fasasshiyar tukunyarsa an kife ta a jikin bango, tsumman an shanya shi a igiyar da nake shanya ciyawa, a bakin toka kuma ga ɗan farin gashi da wuta ba ta cinye ba. Bulus yana ganina ya haura katanga. Baba ya ɗauki fartanya ya tafi gona a ranar da ba shi da aikin gona. Ina tsaye da kaya a ka sai ga Kaka ta fito daga ɗakin Mama da kwano a hannu, ba komai a ciki.

Na ce, "Kaka, ina Kwalli?"

Ta ce, "Uwarki ta sha romo. Ta ɗaga kai."

Na ce, "Kin ce wuƙa ba za ta hau shi ba."

Ta ce, "Na ce."

Ba ta kauda ido ba, ba ta nemi wata hanya ba. Ta ce tun ranar da Baba ya ɗaga shi zai kai juji ta lissafa watannin Mama, ta ga macen ita ce iri ba a taɓa ta, 'ya'yan da za ta haifa ba za su isa ba, namiji ɗaya ya rage a gidan, kuma ba a ba mai jego naman da cikinsa bai daidaita ba. "Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji ta. Na ce to me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Da na gaya miki, da kin tsuguna da ganye kowace safiya? Da kin sha bulala a kansa? Ni idona ya mutu, gwiwata ta mutu. Ba mai tashin cikin nan sai mai sonsa."

Na sauke ɗaurin ciyawar na jefa mata a ƙafa. A gidanmu yaron da ya yi haka sai ya kwana yana jin jiki, amma ba wanda ya taɓa ni, kuma wannan ma ya ƙara mini ciwo. Ashe duk ganyen da na riƙa kai mata, ni ina nuna mata lafiyarsa, ita tana duba ko ya isa tukunya. Ashe gumin nan na ranar marka, da waƙar, da auna shi a tafi, duk shirin ranar nan ne. Daga baya Bulus ya faɗa mini cewa tun makon da cikin ya dawo Kaka ta tara su ta gaya musu, ta ce wanda ya bari na ji, shi da ita ne. Ganyen dankalinsa ke nan, da "yaya mutumin naki" na Baba. Da yamma Mama ta sa aka kira ni, ta kama hannuna da nata mai sanyi ta ce, "Yi haƙuri, 'yata." Ban tambaye ta ko ita ma ta sani ba, yadda ta kasa duban idona ya ishe ni. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, gida cike da mutane, kowa ya san abu ɗaya, ni kaɗai aka bari ina rawa a tsakar gida. An ci amanata, kuma wadda na fi yarda da ita ce ta shirya cin.

Mama ta tashi. Ko romon ne, ko kwananta ne ke gaba, Allah ne masani, kuma ba zan yi ƙarya in ce na fi son ɓera a kan uwata ba. Da an zaunar da ni an ce Talatu, ga halin da ake ciki, wataƙila da na yi birgima na yi ihu, wataƙila kuma da ni da kaina na miƙa shi. Ba a ba ni wannan damar ba, shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Kaka ta kawo mini mafi kyau a cikin 'ya'yan Uwar Garke ta ce in ɗauka, na ce ba na so. Na ci gaba da yankan ciyawa tunda aikina ne, amma daga bakin ƙofa nake watsa musu in juya, ban ƙara sa wa ko ɗaya suna ba. Na naɗe tabarmata na bar ɗakinta. Ta ci gaba da ajiye mini ƙanzo, ina karɓa in ce na gode in ci a waje. Mutane suna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, ta hango. Sai dai ni aka taka aka hango ɗin.

Kaka ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Shekaru suka wuce, na yi aure, na zo gida haihuwar fari. Ta tsufa tukuf a lokacin, sai an riƙe ta take tafiya, amma ita da kanta ta shigo mini da kwanon romo. Na karɓa na riƙe, ban kai baki ba. Na ce, "Kaka, wane yaro ne ya yi kiwonsa?" Ta dube ni. Ta ce, "Ɓeran ba shi da suna, ba na kowane yaro ba ne. Sai da na tabbatar." Na sha, tana tsaye a kaina har na shanye. Iyakar abin da muka taɓa faɗa wa juna a kan maganar ke nan har ta koma ga Allah.

Yau ina zaune a Kaduna. Yohanna da aka haifa a waccan Juma'ar furfura ta cika masa kai. Hanyar Kazage sai da addu'a ake binta, fadamar nan kuwa ba uwar da za ta aiki 'yarta can da lauje, ɗorawar ma ban san ko tana tsaye ba. Jikata tana da ɓeran Masar a keji mai fenti, abincinsa a leda ake sayowa, ba kuma wanda zai taɓa tunanin tukunya in ya dube shi. Kwanakin baya cikinsa ya ɓaci bayan wani magani, ta zo mini da hawaye. Na aike ta gidan maƙwabta masu irinsa da ganye a hannu, tana toshe hanci tana dariya, na yanke mata bututu, na nuna mata shafar ciki daga ƙirji zuwa baya. Hannuna bai manta komai ba. Ta ɗago ta ce, "Kaka, ki yi mini alkawari zai warke." Na ɗaga hannu zan ɗora a kanta, sai na mayar da shi cinyata, na ce ta dai ɗiga masa a hankali kada ya shaƙe. Ina kewar madafar nan da ƙaurin hayaƙinta, ina kewar tsohuwar ma, har da tsinkenta. Na iya tashin cikin da ya mutu, amma yarda har yau ban gano abin da ake ɗiga mata ta tashi ba.